SABIS A GOBIR: KADA KU YI CINIKIN BIRI A SAMA

Makon nan za mu amsa wata tambaya da samari suka dame mu da ita a ofis, watau wane kamfanin waya mutum zai riƙe in yana so ya zauna ɗakinsa a Gatawa, ko Sabon Birni, ko Isa, ya yi aikin da a ke yi ta intanet a biya shi.

Wani zai ce wannan zancen 'yan birni ne. To, ya duba unguwarsu. Akwai yaran da suka gama karatu a Sakkwato da Zariya suka komo gida. Wani yana buga wa wani ofis na Kano takardu, wani yana fassara Turanci zuwa Hausa, wani yana koya wa yara karatu ta waya, wani kuwa hoton buhun wake ya ke aika wa mai saye a Legas. Tun annobar korona ta 2020 ofisoshi da yawa suka gane ma'aikaci na iya yin aikinsa daga gida.

A wurinmu kuwa abin ya wuce neman sauƙi, domin kowa ya san halin hanyarmu. A watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka ƙone matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana komowa daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu cikin watan Agusta. Allah ya jiƙansu. In basarake bai tsira ba, ina talaka? Sabo da haka duk aikin da yaro ya gama a ɗakin uwarsa, tafiya guda ke nan ya tsallake a kan wannan hanya. Shi ya sa mu ke ganin zaɓen sabis ba abin wasa ba ne.

Ga shawararmu.

Na farko, kada ka yi cinikin biri a sama. Tallan rediyo da allon bakin titi ba su taɓa shiga ɗakinka ba. Tun da aka soma wayar salula a Nijeriya a 2001, manyan kamfanoni huɗu mu ka sani: MTN, Airtel, Glo, da 9mobile wanda ya sake suna zuwa T2 a 2025. Ba za mu ce maka wannan ya fi wancan ba, domin wanda ya ke gudu a bakin kasuwar Sabon Birni yana iya zama gurgu a Gatawa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ari layin maƙwabci, ko ka sayi data ta kwana ɗaya, ka gwada a daidai tabarmar da za ka zauna. Gwada da hantsi, gwada bayan lisha lokacin da kowa ya hau waya, gwada ran kasuwa, gwada ran da hadari ya taso. Sai ka yi mako guda kana haka kafin ka zuba kuɗin wata.

Na biyu, duba harafin da ke fitowa a saman wayarka. In ka ga E, wannan bai wuce aika gajeren saƙo ba. In ka ga H ko 3G, za ka lallaɓa. Mai aikin magana ido da ido ta kwamfuta kuwa, sai 4G mai zama daram. Har wa yau kada ka tsaya ga saurin sauko da abu kaɗai, domin mai kallon wasa sauko da abu ya ke yi, mai aiki kuwa aikawa ya ke yi. Ɗauki hoto mai nauyi ka aika, ka duba agogo. Shi kuwa 5G da aka soma a 2022 a manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano, kada wani mai kanti ya sayar maka da na'urarsa sai ka gan shi yana aiki a ƙofar gidanku.

Na uku, kuma nan ne mutane da yawa su ke faɗawa rami, ka san ƙarfen sabis ɗin da ke ba ka. Wayarka da ƙarfen nan ta ke magana. Shi kuwa ƙarfen wuta ya ke ci dare da rana, kuma a ƙauye yawanci janareta da batir ke riƙe da shi. Motar da ke kawo man dizal hanyar da mu ke tsoro ita ma ta ke bi. Ran da man ya ƙare, sabis ya mutu. Ƙarafan nan kuma a jere su ke, wannan na miƙa wa wancan har a kai ga babbar wayar da aka binne a ƙasa, in ɗaya ya faɗi na bayansa su bi shi. Sa'an nan sau da yawa kamfani biyu ko uku haya su ke yi a kan ƙarfe guda. Mu kanmu mun sha wannan. Mun sayi layi biyu na kamfani biyu muna cewa mun yi dabara. Ran da za mu aika da jerin sunayen 'yan jam'iyya zuwa Sakkwato, duka biyun suka ɗauke tare, muka kwana uku muna hawa tudu muna ɗaga waya sama kamar masu neman wata. Ashe uwarsu ɗaya. Don haka ka lura da kyau: layi biyun da ba su mutuwa rana ɗaya, su za ka haɗa.

Na huɗu, sabis ba wuta aikin banza ne. Kafin ka sayi kwamfuta mai tsada, tanadi farantin sola da batir. Wanda ya dogara da mai cajin kasuwa ba zai cika alkawarin aiki ba, wanda bai cika alkawari ba kuwa ba a sake ba shi.

Na biyar, mu mutanen bakin iyaka ne. A wasu garuruwanmu sabis ɗin Nijar na tsallakowa, na Airtel ta Nijar, ko Moov, ko Zamani. Layin nan ya yi wa mutane rana, kuma don data yana da amfani a matsayin na ko-ta-kwana. Amma fa ka sani da sefa a ke sa masa kati, kiran Sakkwato da shi kiran ƙasar waje ne, kuma saƙon bankinka layinka na Nijeriya zai nema.

Na shida, akwai Starlink, wanda ya shigo Nijeriya a watan Janairu na 2023, ya shiga Nijar a 2025. Shi da tauraron ɗan'adam ya ke magana, ba ruwansa da ƙarfen gari. Sai dai kayansa dubban ɗaruruwan naira ne, kuɗin wata kuma dubu gommai, ga cin wuta. Mutum ɗaya talaka ba zai iya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: samari goma na iya haɗa kuɗi su ajiye shi wuri guda. Amma a yi hattara, domin farin faranti a kan rufi a ƙasar da miyagu ke da 'yan leƙen asiri shela ce.

To, duk wannan dabarar talaka ce. Yanzu bari mu juya ga mahukunta, ranku ya daɗe.

Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba. Aka fara katse layukan waya a Zamfara bisa umurnin hukumar sadarwa ta NCC, kana aka katse a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Aka ce don a toshe kunnen ɓarayi ne. To, a watan Oktoba, sabis na a katse, aka shiga kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da 40. Ɓarawo yana da babur, ga iyaka kusa. Wanda aka toshe wa baki shi ne talakan da ba shi da hanyar kiran taimako, da mai POS, da yaron da aikinsa ya tsaya cik. Wa ya biya su asararsu?

Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, USPF, don kai sabis ƙauyukan da kamfani ba ya ganin riba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Muna tambaya, nawa aka kashe a ƙasar Gobir, kuma ina ƙarafan? A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin dukiyar ƙasa da tilas a tsare. Madalla. Wa ke raka motar mai zuwa ƙarfen ƙauye? A watan Janairu na 2025 NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mutumin Gatawa yana biyan abin da mutumin Abuja ke biya. Mudu ɗaya a ke karɓar kuɗinsa, me ya sa ba mudu ɗaya a ke auna masa ba?

Abin da mu ke nema uku ne. A tsare ƙarafan sabis da masu kai musu mai. A sa musu sola daga asusun nan, don su rage dogara da hanya. Kuma kada a sake rufe bakin jama'a ba tare da an gaya musu dalili da ranar buɗewa ba.

Ku kuma 'yan'uwa, ku san haƙƙinku. Tun 2013 doka ta ba ka ikon ɗauke lambarka daga wani kamfani zuwa wani ba tare da ka rasa ta ba. In ka kai kuka ga kamfani bai share maka hawaye ba, lambar NCC ta koke 622 ce, kyauta. Ku sami littafi ku riƙa rubuta ranar da sabis ya ɗauke da ranar da ya komo, gari gari. Ran da masu neman ƙuri'a suka zo da ganga da kalangu, ku buɗe musu littafin nan ku karanta a gaban jama'a.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ci abincinmu a gidajenmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.