Kwamfutar Gem da Ƙaramin Jari: Tushe Ake Fara Ginawa

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da kuka aiko mana a 'yan makonnin nan ita ce: da waɗanne kaya za a haɗa kwamfutar da za ta ɗauki wasanni irin su eFootball da Fortnite da GTA V, alhali kuɗin hannu bai taka kara ya karya ba? Wasu sun ce sun shekara suna tari a asusu, wasu kuma yaya ko kawu ne ya yi musu alkawari idan sakamakon jarrabawa ya yi kyau. Ko ta wace hanya kuɗin ya zo, da wuya irinsa ya sake zuwa nan kusa, don haka dole a san inda za a sa shi.

Amsarmu ita ce ku ɗauki kwamfutar tebur kamar gini. Mai ƙaramin ƙarfi a unguwanninmu yakan zuba tushe mai kyau, ya tayar da ɗaki ɗaya ya shiga, daga baya ya riƙa ƙara ɗakuna gwargwadon samu. Haka ma a nan. Ku kashe kuɗi a kan kayan da sauya su ke da wuya, ku yi tsimi a kan waɗanda ake cirewa a sa wasu cikin minti biyar.

Masu sauƙin sauyawa da masu wuya

Kaya bakwai ne manya a cikin akwatin kwamfuta. Akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Akwai madabod, babban allon da ake dasa komai a kansa. Akwai RAM, wanda yake kamar teburin da kwamfuta ke baje aikin da take yi a lokacin. Akwai SSD, ma'ajiyar wasanni da takardu. Akwai katin hoto, mai zana abin da kuke gani a allon kallo. Sai na'urar da ke raba wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak, sai kuma kes, wato gidan da ke ɗauke da su duka.

RAM da SSD da katin hoto, zare su da mayar da wasu ba ya ɗaukar lokaci. Madabod kuwa, in za a sauya shi sai an kwance kwamfutar gaba ɗaya, kuma shi ne ke yanke hukunci a kan irin furosesa da irin RAM ɗin da za su shiga. Fawa-fak in ya lalace yana iya tafiya da sauran kayan. Kes in ya yi ƙanƙanta, babban katin hoto ba zai shiga ba. Waɗannan ukun su ne tushen ginin.

Soket ne ke buɗe ƙofa ko ya rufe

A tsakiyar madabod akwai gurbin da furosesa ke zama, ana ce masa soket. Kowane soket da irin furosesar da yake karɓa. Kamfanin AMD ya fito da soket mai suna AM4 a 2016, furosesar Ryzen ta farko ta hau kansa a 2017. Kamfanin ya ci gaba da fitar da sababbi a kan wannan gurbi: jerin Ryzen 5000 a 2020, har zuwa Ryzen 7 5700X3D a farkon 2024. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi madabod ɗin AM4 tun 2017 sun iya dasa furosesar da ta fito shekaru bayan haka, ba tare da sun taɓa sauran kayansu ba, illa sabunta ƙaramar manhajar da ke cikin allon, wadda ake kira BIOS. Wannan shi ne abin da muke nufi da saye da hangen gaba.

Yanzu AM4 ya zo ƙarshen tafiyarsa. Magajinsa AM5 ya fito a watan Satumban 2022, kuma AMD ya ce zai ci gaba da yi masa sababbin furosesa har 2027 da bayanta. Sai dai AM5 ba ya karɓar RAM sai irin DDR5, shi kuma AM4 DDR4 yake ci. Su biyun ba sa shiga gurbin juna, domin tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. A ɓangaren Intel kuwa, soket LGA1700 ya ɗauki zango na 12 da na 13 da na 14, daga nan aka koma wani sabo.

To wanne za ku zaɓa? In kuɗin ya kai, AM5 ya fi doguwar hanya a gaba. In bai kai ba, AM4 bai mutu ba, domin daga ƙaramar furosesa zuwa mafi ƙarfin da yake ɗauka akwai tazara mai yawa, kuma kayansa na hannu sun wadata. Abin gudu shi ne tsohon soket ɗin da kun riga kun sayi kusan mafi ƙarfin abin da zai iya ɗauka. Wannan gini ne da ba shi da sauran fili.

Misalin farawa ba tare da katin hoto ba

Katin hoto yakan fi kowane kaya tsada a kwamfutar gem, amma ana iya farawa ba shi. Furosesar AMD da sunanta ya ƙare da harafin G, kamar Ryzen 5 5600G, tana ɗauke da nata sashen zana hoto a ciki. Tana da ƙwayoyin lissafi 6, an kuma tsara ta a kan wat 65, saboda haka ba za ta wahalar da janareta ko sola ba. Za ta buga eFootball da Valorant da Minecraft da GTA V idan aka rage ƙawar hoto. Ku lura da harafin F kuma: furosesa irin Core i3-12100F ta Intel ba ta da sashen hoto ko kaɗan, in babu kati allon kallo baƙi ƙirin zai tsaya.

Tare da 5600G, ku nemi madabod B550, ko B450 wanda mai kaya ya tabbatar an sabunta BIOS ɗinsa. Ku ƙirga guraben RAM da idonku. Masu araha da yawa biyu kawai gare su, mai huɗu kuwa zai ba ku damar ƙari ba tare da kun jefar da na farko ba. Ku sa sanda biyu masu giga 8 kowace, maimakon sanda ɗaya mai giga 16. Dalili shi ne sanda biyu suna aiki kamar titi mai hannu biyu, kuma sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM yake aron wurin aiki, don haka bambancin yana fitowa fili a cikin wasa.

A ma'ajiya, SSD mai giga 500 ya isa farawa. Wasu manyan wasannin zamani sukan cinye giga 100 ko fiye, amma ƙara ma'ajiya ta biyu daga baya abu ne mai sauƙi. Tsohon faifan nan mai juyawa ya dace da ajiyar fina-finai da hotuna, sai dai kada ku ɗora Windows a kansa, zai sa kwamfutar nawa.

Ranar da kuɗin kati ya samu, ku duba abu ɗaya kafin ku biya. Hanyar da ke tsakanin kati da furosesa ana kiranta PCIe, kuma 5600G ta tsaya a zango na 3. Katin RX 6500 XT layi 4 kacal yake amfani da su, ga ƙwaƙwalwarsa giga 4 ce, saboda haka yana shaƙewa a kan zango na 3. RX 6600 kuwa layi 8 gare shi da giga 8, kuma wat 132 yake ci, ya fi dacewa da wannan haɗin.

Fawa-fak ba wurin tsimi ba ne

A nan ne masu sabon haɗi suka fi faɗawa rami. Za ku ga kes mai walƙiyar fitilu an haɗa shi da fawa-fak kyauta, an rubuta wat 500 a jiki, amma in kun ɗaga shi ba shi da nauyi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ku nemi na sanannen kamfani, mai wat 550 zuwa 650, ko da a yau kwamfutar ba za ta ci rabin hakan ba. Ku tabbatar yana da wayar katin hoto mai baki 8. Gurbin madabod wat 75 kawai yake bai wa kati, sauran ta wannan wayar yake zuwa, kuma in babu ita, kati irin RX 6600 ba zai tashi ba. Tambarin 80 Plus da ake likawa yana nuna cewa na'urar ba ta ɓarnar wuta sosai. Alama ce mai kyau, amma ita kaɗai ba ta isa shaidar inganci ba, sai an haɗa da sunan kamfani da garanti.

Kun kuma san halin wutar lantarkinmu. Ku sa kuɗin sitabilaiza ko UPS a cikin lissafi tun farko. Gara a jinkirta sayen lasifika da linzami mai fitila da a bar kwamfuta tsirara a gaban wutar da ke hawa da sauka.

Batun kwamfutar ofis ta hannu

Wasu za su ce ai ga kwamfutocin ofis na tokunbo nan da araha, me zai hana a saya a ƙara musu kati? Hanya ce, amma gajera. Da yawansu an ƙera musu fawa-fak da madabod masu irin nasu wayoyin na daban, waɗanda na kasuwa ba sa shiga, kuma gidansu siriri ne. Iyakar abin da za su ɗauka shi ne ƙaramin kati marar buƙatar ƙarin waya, irin wasu samfuran GTX 1650. Ga kuma batun manhaja. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, shi kuma Windows 11 a hukumance yana buƙatar furosesar Intel daga zango na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. In dole sai ta ofis, to kada ku sayi wadda ta gaza zango na 8.

A wajen saye

Ko Farm Centre ko titin Beirut za ku je a Kano, ko Banex a Abuja, ko kuma aike za ku yi Computer Village a Ikeja, ku tafi da babba wanda ya san kan abin, kuma ku rubuta sunayen kayan da lambobinsu a takarda tun daga gida. Shafin PCPartPicker yana nuna ko kayan da kuka zaɓa za su zauna da juna, kuma kyauta ne. Ku nemi a kunna kayan a gabanku. Manhajojin CPU-Z da GPU-Z suna nuna bayanan furosesa da kati, CrystalDiskInfo kuma yana faɗin awa nawa ma'ajiya ta yi tana aiki. A katin hoto na hannu ku ƙara sa ido. Bayan da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Ku sa a buga wasa a kansa na minti 20, ku saurari ƙarar fankarsa, ku duba ko hoto yana yagewa. Ku karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti.

Kada ku riƙa sayen kayan ɗaya-ɗaya kuna ɓoyewa a ƙarƙashin gado har shekara. In kun sayi madabod yau, furosesa sai bayan wata shida, garantin mai shago zai ƙare ba ku ko gwada ba. Ku tara har kuɗin ya kai na abin da zai kunnu, sannan ku saya a rana ɗaya. Ƙari kuwa ga jerinsa: katin hoto da farko, sai ma'ajiya, sai RAM, furosesa a ƙarshe.

Bayan an haɗa, ku ɗora kwamfutar a kan tebur, kada ku ajiye ta a ƙasa, ku bar mata fili iska ta shiga. Ku zaɓi kes mai raga a gaba da matatar ƙura, ku riƙa kakkaɓe matatar a kai a kai, musamman lokacin hunturu. Ƙura da zafi su ne ke rage wa kaya kwana a ƙasarmu.

Kafin mu rufe, ku tuna cewa yardar iyaye tana gaba da duk wannan lissafi. Ku nuna musu takardar da kuka rubuta, ku bayyana musu cewa kwamfutar da ke buga ƙwallo ita ce dai za ku yi atisayen JAMB a kanta, jarrabawar da tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, kuma a kanta za ku koyi rubuta manhaja da zane da tace bidiyo. Ku yi musu alkawarin lokacin wasa da lokacin karatu, ku kuma cika. Wanda ya ɗauki sukundireba ya haɗa tasa da hannunsa ya riga ya fara koyon sana'ar da ake ci da ita.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu bi yadda ake haɗa kayan ɗaya bayan ɗaya, tun daga dasa furosesa har zuwa kunnawar farko. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah Ya ba da sa'ar karatu.