Zaman Iyali: Mai Masauki da Katin Rigakafi

Ko mai gida yana da ikon hana baƙo ɗaki don bai yi allurar rigakafi ba? Wannan tambaya ta taso a Amurka a 2021, lokacin annobar korona, tsakanin masu ba matafiya hayar ɗaki na 'yan kwanaki ta hanyar kamfanin Airbnb.

Doka ba ta zo ɗaya ba. A shekarar nan jihar Florida ta hana 'yan kasuwa neman shaidar allura, da tara har dala 5,000. A birnin New York kuwa, hukuma ce ta tilasta wa gidajen abinci su nemi katin, kafin ta janye umarnin a 2022.

To, inda doka ba ta hana ba fa? Sai a dubi gidan. In baƙo zai zauna tare da tsohuwa ko mai ciwon sukari, mai gida yana da hujja, gama lafiyar iyalinsa amana ce. In kuwa ba kowa a gidan, makulli kaɗai za a miƙa, hujjar ta yi rauni.

Amma abu biyu wajibi ne. Na fari, a faɗi sharaɗin tun ba a karɓi kuɗi ba, kada mutum ya iso da dare da 'ya'yansa a rufe masa ƙofa. Na biyu, a ɗora shi a kan kowa, kada ya zama dabarar korar wani saboda launin fatarsa ko addininsa.