Lafiyar Iyali: Abin da Hoton Hanta Yake Faɗa

A Kunci da ƙauyukan kewayenta, da yawa cikinmu mun tashi a gidajen da ake dafa burkutu da dawa. Ba a biki, ba a gayya, sai da tulun giya. Waɗansu sun bari tun da daɗewa, waɗansu suna fama da ita har yanzu. Yau mutum yakan je Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a ɗauki hoton hantarsa, a ba shi takarda da Turanci. Ya komo gida ya tura ta ƙarƙashin katifa, ko don tsoro ko don kunya. A wannan wata muna so mu buɗe takardar nan tare.

Na'urar da ake ɗorawa a ciki, wadda ake kira sikanin, tana aika sauti cikin jiki ta karɓi amsawarsa. Da haka ake ganin girman hanta, da siffarta, da haskenta. Ga wanda ya daɗe yana sha, abu uku ne aka fi rubutawa.

Na fari, kitse a hanta. Hantar takan fito da haske fiye da kima, wani lokaci ta ƙara girma. Wajen tara cikin goma na masu sha da yawa suna da wannan, galibi kuwa ba sa jin ciwon komai. Albishirin shi ne, in aka bar giya sarai, kitsen yakan ragu cikin makonni ko 'yan watanni.

Na biyu, tabo. In aka ci gaba da sha, hanta takan kumbura ta warke, ta sake kumbura, kowane karo ta bar tabo kamar na ƙuna. A nan sai mu yi hankali, gama sikanin ba ya cika ganin tabo sa'ad da yake farawa. Mutum yana iya riƙe takarda mai cewa ba a ga komai ba, alhali ɓarna ta soma. Akwai wata na'ura, FibroScan, mai auna taurin hanta. Ƙasa da 7 yawanci alama ce mai kyau, daga 12 ko 13 zuwa sama kuwa likita yakan yi zaton tabon ya yi nisa. Amma wanda ya sha giya kwanan nan, awonsa yakan hau fiye da gaskiya, shi ya sa akan sake awo bayan ya bari.

Na uku, sirosis, wato tabon ya game hanta. Ta taurare, gefenta ya yi gurgunɗa-gurgunɗa, daga baya ta ƙanƙance. Takardar tana iya ambaton saifa ta girma, ko ruwa ya taru a ciki. Ba kowane mashayi yake kaiwa nan ba, wajen ɗaya ko biyu ne cikin goma. Ko da yake da wuya tabon nan ya goge, wanda ya bar giya yakan tsai da ɓarnar, ya ƙara shekaru tare da iyalinsa. Ana so ya riƙa komawa hoto kowane wata 6, domin a kama ciwon daji tun yana ƙarami.

Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an haɗa da gwajin jini, musamman na ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da shi. Sai a 2004 aka shigar da allurarsa cikin rigakafin jarirai, saboda haka yawancin iyaye ba su samu ba. Giya a kan wannan ƙwaya kamar zuba kananzir ne a wuta. In an same ta ga maigida, a gwada uwargida da yara. Mu manoma mu lura kuma da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, gama dafinsu hanta yake ci.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka faɗa wa likita yawan abin da kake sha, da shekarun da ka yi kana sha. Ka roƙe shi ya fassara maka takardar da Hausa, matarka tana wurin. In kullum kake sha, kada ka yanke dare ɗaya ba tare da shawararsa ba, gama yana iya jawo makyarkyata da farfaɗiya. Kada ka sayi jiƙon da ake talla a kasuwa wai mai wanke hanta, kada kuma ka yawaita farasitamol. In idanu suka yi rawaya, ko ciki ya kumbura, ko aka yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko hankali ya rikice, a tafi asibiti a ranar.

Mu 'yan'uwa kuma muna da namu aiki. Wanda ya fito da takardarsa a cikin ikkilisiya, kada mu tarye shi da gori. Mu raka shi asibiti, mu taimaka da kuɗin mota zuwa Kano, mu zauna da shi da yamma a lokacin da ya saba tafiya gidan giya.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.