A Fassara Hukuncin Sarki Abbas da Hausa

A shekarun 1913 da 1914, magatakardan majalisar Sarkin Kano Abbas sun riƙa rubuta shari'o'in da aka yanke a gaban sarki da Larabci: rigimar gado, iyakar gona, sata, kisan kai, da bayin da suka zo neman fansar kansu. Wani masani daga Amurka, Allan Christelow, ya zaɓi wasu ya juya su zuwa Turanci, aka buga a 1994. Yau ɗalibi a can yana iya karanta yadda Abbas ya raba gardamar magada, amma mutumin Sheshe ko Yakasai, wanda wataƙila kakansa ne ya durƙusa a gaban majalisar, ba shi da su a harshensa. Cike wannan giɓi yana wuyan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa.

Tarihin da muka gada mafi yawansa na masu rawani ne. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda wani Bature mai suna Backwell ya fassara a 1927, sarakuna ne ke magana da junansu. A kundin shari'a kuwa talaka ne ke tsaye, har da macen da ta zo neman tumunin takabarta, kuma a nan ake ganin ko adalcin da muke yabon magabata da shi ya isa ƙofar mai ƙaramin ƙarfi.

Za a ce fito da takardun zai tona asalin bauta a gidajen da yau ake ganin girmansu. Wannan tsoro yana da tushe, kuma maganinsa a sakaya sunaye, malamai da tsofaffin alƙalai su tace kafin a buga. Masu cewa za a tayar da rigimar filaye kuma, ai kotunanmu sun riga sun cika da ita ba tare da taimakon tsohuwar takarda ba. Rubutu ma shi ne ke kunyata mai shaidar zur.

Gara da danshin damina ba sa jiran kasafin kuɗi. Gwamnatin Kano da Jami'ar Bayero su ɗauki hoton kowane shafi, su ba masana Larabcinmu aikin fassarar.