Yaranmu sun haddace kurmi a allo, yaushe za su taka shi da ƙafa?



Kwanan baya, a taron iyayen yara na wata lise a nan birni, malamin kimiyya ya tashi ya kawo shawara: a fara shiri da tara kuɗi, domin wata rana a kai ɗalibansa su ga kurmi da idonsu, can ƙasar Gana. Bai rufe baki ba ɗaki ya ɗauki hayaniya. Wani dattijo ya ce, "Haba mushe! Muna neman na shinkafa, kai kana maganar yawo?" Aka yi dariya, aka koma zancen benci da alli. Mu ma mun yi dariyar. Sai da muka koma gida muka juya maganar, muka ga malamin yana da gaskiya, dattijon ma bai yi ƙarya ba.

Ku buɗe littafin ɗanku ku duba. Ya rubuta cewa a kurmi itatuwa suna haɗa kai a sama har rana ba ta cika sauka ƙasa ba. Ya haddace, ya kwashe maki a jarrabawa. Ku tambaye shi mene ne haɗinsa da wannan kurmin, zai ce babu. To akwai fa, kuma kullum yana wucewa ta gabanmu.

Ku tsaya kan gadar Kennedy a watan Janairu. Wata uku ko fiye ba a yi ko yayyafi ba, amma ga kogi cike. Daga ina ruwan ya zo? Daga tsaunukan Gine, kusa da iyakar Saliyo, inda kogin Neja ya samo tushe. A wasu sassan Gine ruwan shekara yana haura milimita 2,000, mu kuwa a Yamai tsakanin 500 da 600 muke samu. Ruwan da ya sauka can da damina shi ne ke ratsa Mali, ya bazu a fadamun Mopti ya daɗe, sannan ya iso mana da sanyi. Shi ya sa kogin ke cika sau biyu a nan: jan ruwa na Agusta da Satumba, mai laka, daga rafukan yankinmu, irin wanda ya ci gidaje a Lamorde a 2020, sai kuma cikar Gine ta lokacin ɗari. Shinkafar Saga, lambunan bakin kogi, kifin masunta, ruwan famfonmu, duk suna da hannu a wannan ruwa na nesa. In aka aske itatuwan da ke riƙe ƙasa a can, mu ma za mu ji a jikinmu.

Daminar kanta daga kudu take zuwa. Iska ce ke ɗauko danshi daga teku, ta bi ta kan kurmin Gana da Kodibuwa da Najeriya, itatuwa suna shan ruwa suna mayar da shi sama, kafin hadari ya haɗu a kanmu. Mu ma muna aika namu: ƙurar hunturu da ke tashi daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, tana ƙetare teku ta sauka a kurmin Amazon, ta zame masa taki. Ita kuma ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe wa masu jirgin ruwa hanya a kogi, asalinta daga Amazon ɗin take. Yaron da ya gane wannan, ai ya gama gane darasin.

Kuma kada wani ya ce mana zuwa kurmi baƙon abu ne. Kakanninmu fatake da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya, su kai kanwa su ɗauko goro a kasuwar Salaga. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure da suna, ɗan kurmi ne. Su sun je da ƙafa neman abinci, jikokinsu za su gagara zuwa da mota neman sani? A gandun dajin Kakum na Gana akwai gadojin igiya da aka ɗaura a ƙololuwar itatuwa tun 1995, mutum yana tafiya sama da mita 30 daga ƙasa yana kallon daji a ƙarƙashinsa, kuma ƴan makarantar Gana suna zuwa. Ɗan Talladje ko ƴar Harobanda ba su fi ƙarfin wannan ba.

Amma mu faɗi gaskiya, dattijon nan yana da hujja, har ma da wadda bai faɗa ba. Ta farko kuɗi: mota, masauki, abinci, takardun ƙetare iyaka. Ta biyu tsaro. Muna da gandun dajin W, kimanin kilomita 150 kudu da Yamai, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1996. Ba kurmi ba ne, amma akwai giwa da ɓauna da tsuntsaye iri-iri. Yau wane uba ne zai sa hannu a kai ɗansa Tapoa? Ga Koure, kilomita 60 kacal, inda raƙuman dawa suka ragu zuwa 49 a 1996, aka kula da su har suka haura 600. Tun harin 9 ga Agusta 2020, da aka kashe mutum takwas a wurin, gaban kowa ke faɗuwa in an ambaci hanyar. Ba mu ce a sai da ran yaro don darasi ba, ko kusa.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce tunda nesa ta gagara, kusa ma a bar ta. Nan ne muke da laifi, mu iyaye da malamai. Yaro ya yi shekara goma sha uku a makaranta har ya zauna bak, ba a taɓa fita da shi ya auna kaurin itace ɗaya ba. Ga abin da muke ganin za a iya, ba tare da jiran kowa ba.

A fara da abin da ƙafa ko ɗan kuɗin taksi ke kaiwa. Zoben itatuwan da aka fara dasa wa Yamai tun 1965 yana nan, ko da yake gine-gine da shara suna cinye shi. A kai aji guda da igiyar awo da littafi, su ƙirga dogon yaro nawa ke tsaye, kututture nawa aka sare, su gwada zafin inuwa da na fili. Kowace 3 ga Agusta muna dashen itace, a ɗauki hoto a watse. Wa ke komawa a watan Afrilu ya ga nawa suka rayu? Wannan aikin ɗalibai ne. A gidan tarihi na Boubou Hama akwai ragowar itacen Tenere, wanda mota ta kayar a 1973, ga kuma ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu a arewacinmu lokacin da wurin ke da ruwa da ciyayi. Cibiyar AGRHYMET da Jami'ar Abdou Moumouni suna hayin kogi, cike da masana ruwa da yanayi. Takarda ɗaya daga shugaban makaranta tana iya buɗe ƙofa.

Daga nan sai kurmi. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye su buɗe asusu tun farkon shekara, a nemi tsofaffin ɗalibai da ƴan kasuwarmu masu zuwa Kumasi da Akara su taimaka, ai hanya tasu ce, zango nasu ne. Ba sai an kwashi aji duka ba. A zaɓi goma da aikinsu na fili ya fi kyau, rabi mata rabi maza, tare da malama da wakilin iyaye, kuma sai hukuma ta tabbatar da hanya. Kada ya zama tafiyar ƴaƴan masu kuɗi. In sun dawo, su tsaya gaban makaranta su faɗi abin da suka gani da abin da suka auna.

Ga amsarmu ga dattijo. Baba, shinkafar da kake nema, ruwan Gine take sha. Gobe wani ne zai zauna ya yanke shawara kan wannan kogi da waɗannan itatuwa, kuma gara ya zama ɗanmu wanda ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Taron iyaye na gaba, in malami ya sake kawo irin wannan magana, mu bar shi ya kai aya. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya buɗe mana hanyoyinmu.