Ambaliyar Teku A Tsibiran Bangaladash: Shin Jinga Magani Ce?

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in yi tsokaci a kan wata matsala da ta daɗe tana addabar mazauna tsibiran kudancin ƙasar Bangaladash, watau ambaliyar teku, sa'an nan in faɗi ra'ayina game da yadda ake auna haɗarinta da yadda ake ƙoƙarin magance ta. Ra'ayin nawa kuwa shi ne, lalle ƙasar ta ci nasara wajen ceton rayuka a daren da guguwa ta taso, amma jingar da aka kewaye tsibiran da ita tana jawo wani haɗarin sannu a hankali, wanda ƙidayar mamata ba ta nuna shi.

Bari mu fara da sanin wurin. Manyan koguna uku, Ganges da Brahmaputra da Meghna, su ne suke haɗuwa su zuba cikin tekun Bengal, suna ɗauke da laka da yashi kimanin tan biliyan ɗaya a kowace shekara. Wannan laka ita ce ta gina tsibiran tun asali. Saboda haka ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu dutse babu tudu, kuma a wurare da yawa tsayinta bai wuce mita ɗaya zuwa uku bisa teku ba. Idan guguwa ta taso daga kudu, sai ta koro ruwan teku zuwa wannan ƙuntataccen lungu, ya tumbatsa ya hau kan tsibiran.

Haka ta faru a daren 12 ga Nuwamba 1970, lokacin ƙasar tana Pakistan ta Gabas. Guguwar da aka laƙaba wa sunan tsibirin Bhola ta hallaka mutane aƙalla 300,000, kuma a gundumar Tazumuddin kaɗai kusan rabin jama'a ne suka rasu. Bayan wannan masifa aka kafa shirin gargaɗin guguwa a 1972, gwamnati da ƙungiyar agaji mai alamar jinjirin wata suka riƙe shi tare daga 1973. Tsarinsa mai sauƙi ne: ofishin duba yanayi ya ba da sanarwa, 'yan sa-kai na cikin ƙauye su ɗaga tutoci, su bi gida gida da lasifikar hannu, su kai mutane gine-ginen mafaka da aka ɗora bisa ginshiƙai, waɗanda galibinsu makarantu ne a sauran ranaku. An kuma tara tudun ƙasa domin dabbobi, don an lura mutum yakan ƙi barin gida saboda saniyarsa.

Ba nan take abin ya kankama ba. A Afrilu 1991 wata guguwar ta kashe mutane kimanin 138,000, mata suka fi maza yawa nesa ba kusa ba. Daga cikin dalilan akwai cewa mace takan tsaya jiran mai gida kafin ta fita, ga yara a hannu, ga kunyar cuɗanya da maza a mafaka. Wani dalilin kuma ya shafi mu masu nazarin harshe, domin lambobin gargaɗin, daga 1 zuwa 10, tun asali an tsara su ne saboda tashoshin jiragen ruwa, manomi kuwa yana iya jin lamba a rediyo bai san ko ruwa zai kai ƙofar ɗakinsa ba. Da aka shigar da mata da yawa cikin 'yan sa-kai, aka ƙara mafaka ta kai dubbai, sai lissafi ya sauya. Guguwar Sidr ta 2007 ta kashe mutane sama da 3,000, ta Amphan kuwa a Mayu 2020 ta tarar an kwashe sama da mutum miliyan 2, waɗanda suka rasu a Bangaladash ba su kai 30 ba. Wannan abin yabo ne, kuma duk mai gardama a kansa bai yi adalci ba.

To, ina matsalar take? Tana ƙarƙashin ƙafafun mutanen.

Tun daga shekarun 1960 hukuma ta shiga kewaye filayen gaɓar teku da doguwar jingar ƙasa mai ƙofofin ruwa, irin yadda mutanen Holan suke yi. Kowane kewayayyen fili ana kiransa folda, daga kalmar mutanen Holan ɗin, akwai kuma guda 139. Da farko abin ya yi amfani ƙwarai, ruwan gishiri ya daina shiga gonaki, shinkafa ta yi albarka, jama'a suka ƙaru. Amma duk manomin fadama ya san ruwan da ya malale gona ba hannu sake yake zuwa ba, yakan bar mata sabuwar ƙasa. Jinga ta tare ruwan, ta tare lakar tare da shi. Ƙasar cikin kewaye ta ci gaba da lotsawa kamar yadda kowace ƙasar laka take yi, babu mai cike ta, lakar kuwa sai ta kwanta cikin rafukan waje ta ɗaga gindinsu. A kwana a tashi tsibiri ya zama kamar akushi, bakinsa a sama, cikinsa a ƙasa.

Misali mafi bayyana shi ne Folda ta 32 a gundumar Dacope ta yankin Khulna, wadda rafukan teku suka kewaye ta ko'ina. A Mayu 2009 guguwar Aila ta fasa jingarta a wurare da dama. Mutanen da Aila ta kashe a ƙasar duka ba su kai 200 ba, don haka a ma'aunin ƙidayar mamata ƙaramar guguwa ce. Amma a wannan tsibiri ruwan teku ya riƙa shiga yana fita kullum har kusan shekara biyu kafin a toshe ɓarakar, dubban iyalai suka koma zaman bukkoki bisa ragowar jingar, gonaki suka sha gishiri, magidanta da yawa suka tafi birni ci-rani. Masana daga Jami'ar Vanderbilt ta Amurka tare da takwarorinsu na Bangaladash sun auna wurin, suka buga sakamakonsu a 2015. Sun gano ƙasar cikin kewayen ta yi ƙasa da dajin Sundarban da ke maƙwabtaka da ita, wanda ba a taɓa kewaye shi ba, da mita 1 zuwa 1.5. Idan muka raba wannan a kan shekaru 50, za mu ga santimita 2 zuwa 3 ke nan a shekara, alhali hawan tekun duniya saboda ɗumamar yanayi bai kai rabin santimita a shekara ba. Ban ce ɗumamar yanayi ƙarya ce ba, ko kusa. Abin da nake cewa shi ne, mai auna haɗari da ya zuba wa teku ido ya manta da ƙasar da ya taka, ya bar babban ɓangaren lissafinsa a baya. (Ko a rubutunmu ma, tsakanin hadari da haɗari ƙugiya ɗaya ce, amma wanda ya iya hango na farko ba lalle ne ya iya auna na biyu ba.)

Wani abin mamaki da masanan suka gani shi ne, cikin waɗannan shekaru biyu da jinga ta kasance a fashe, teku ta zuba wa tsibirin laka mai kaurin gomman santimita, watau abin da a al'ada sai an yi shekaru masu yawa kafin ya taru. Talakawan yankin kuwa sun riga masana sanin haka, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1990 mutanen Beel Dakatia, da ruwa ya kwanta musu a gonaki shekara da shekaru, suka fasa jinga da hannunsu ba da yardar hukuma ba. A 1997 na Beel Bhaina suka yi haka, cikin 'yan shekaru ƙasarsu ta tashi, rafin da ya cushe ya sake zurfi. Daga baya hukumar ruwa ta karɓi dabarar ta mai da ita tsari: a buɗe wa ruwa kwari ɗaya na wasu shekaru, in ya cika a rufe, a koma na gaba.

Na san akwai masu cewa wannan magana ce ta wanda yake kan tudu, kuma suna da hujja. Ba a iya rushe jinga yau, domin miliyoyin mutane suna kwana ƙasa da inda teku take kaiwa idan ta cika. A tsibiri irin Bhola, inda kogin Meghna yake zaizaye gaɓa, ba makawa sai an ƙarfafa bakin ruwa. Haka nan dabarar buɗewar ba ta aiki sai inda laka take da yawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da ƙarin tsayin jinga shi ne dukan magani, domin kowane taku da aka ƙara mata ba tare da ɗaga ƙasar ciki ba, zurfin ruwan da zai shiga ranar da ta fashe ake ƙarawa. Fashewa kuwa ba ta da wuya, tun da masu kiwon jatan lande sukan huda ta su shigo da ruwan gishiri cikin tafkunansu, gyara kuma yakan makara.

A ganina, duk rahoton auna haɗari na kowane tsibiri ya kamata ya faɗi tazarar da ke tsakanin ƙasar ciki da cikar teku, da yawan watannin da za a yi kafin a toshe ɓaraka, a kuma bayyana wa mazauna wurin da harshen da suke ji. Sa'an nan a gyara batun diyya, wanda shi ne ya gurgunta dabarar buɗewa. Manomin da aka ce ya bar gonarsa cikin ruwa shekara uku ko biyar domin amfanin gunduma duka, dole a biya shi kafin a fasa, a kuma biya ɗan ƙodago da mai aron gona, waɗanda ba su da takardar mallaka da za su nuna a ofis. A Beel Khukshia an buɗe a 2006, manoma da yawa suka yi ta jiran kuɗinsu. Da aka zo buɗe Beel Kapalia a 2012, mutanen wurin, waɗanda suka ga abin da ya sami maƙwabtansu, suka tashi da bore, aikin ya tsaya.