Shamuwa Ba Ta Jiran Mai Megafiksel



Makon nan za mu taɓa masu sayar da kyamara, mu taɓa masu sayenta, sannan mu taɓa kanmu. Wanda abin ya sosa ya yi haƙuri, mu ma a jikinmu muka ji kafin mu yi magana.

Bara da farkon damina, mu huɗu 'yan Gwarzo da Kabo muka haɗa kuɗi don mu sayi kyamara. Mun gaji da kwaso hotunan tsuntsayen Turai daga intanet muna liƙawa a bangon littattafanmu, alhali ga namu suna shawagi a kanmu kullum. Muka shiga birni, muka gaya wa wani mai shago cewa tsuntsu muke son ɗauka yana cikin tashi. Ya miƙo mana wata ya ce megafiksel 24 gare ta, da irinta ake ɗaukar bikin manya. Idon da ke gabanta ɗan gajere ne, mai milimita 18 zuwa 55. Muka biya muna murna.

Washegari muka doshi madatsar ruwa ta Guzuguzu a Kabo. Shamuwa na wucewa jere-jere, belbela na sauka bayan shanu, shirwa na kewayawa a sama. Muka yi ta dannawa har batir ya mutu. Da muka zauna dubawa, kowace shamuwa ta koma kamar kashin ƙuda a jikin farar riga. Waɗanda suka matso kusa kuwa fukafukansu sun narke kamar an shafa su da rigar hannu. Mai shagon bai yi mana ƙarya ba, kyamarar tana ɗaukar biki. Amarya dai tana tsayawa a ce ta gyara mayafi, shamuwa kuwa ba ta sauraron kowa.

To ga matsayinmu, kuma a kansa muke: duk wanda ya fara yi maka zancen megafiksel ko sunan kamfani alhali tsuntsu mai tashi kake nema, ko dai bai san aikin ba, ko kuma yana son rabuwa da kayansa ne. Abu uku ne ke raba hoto da ɓarnar batir.

Na farko, tsawon ido, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Lissafin mai sauƙi ne. Tsawon shamuwa kusan santimita 75 ne. In tana nesa da kai da mita 50, ido mai milimita 55 zai zana ta ƙasa da milimita 1 a kan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, shi kuwa farantin faɗinsa kusan milimita 23 ne a irin kyamarorin da aka fi samu. Ido mai milimita 400 zai zana ta kusan milimita 6, wato kwatankwacin kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton. A nan ne za ka ga jan da ke kusa da idonta da farin cikinta. Don haka milimita 300 shi ne mafi ƙaranci, 400 zuwa 600 shi ne gidan aiki. In kuɗinka kashi uku ne, zuba biyu a ido, ɗaya a jikin kyamara. Mu akasin haka muka yi.

Na biyu, saurin ƙiftawa. Kyamara tana buɗe ido ta rufe ne kamar mutum, kuma duk motsin da tsuntsu ya yi a tsakanin buɗewa da rufewa zai fito a matsayin dishi-dishi. A ce tsuntsu yana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya. In ƙiftawar ta ɗauki 1/250 na daƙiƙa, ya riga ya matsa santimita 4, hoto ya lalace. In 1/2000 ce, rabin santimita kawai ya matsa. Shi ya sa masu wannan sana'a suke farawa daga 1/2000, su ƙara sama in tsattsewa ce ko kurciya. Ƙiftawa mai sauri tana cin haske da yawa, amma mu a nan rana ba ta yi mana rowa ba.

Na uku, kama saiti. Dole kyamara ta iya bin abu mai motsi tana gyara saitinta da kanta muddin yatsanka na kan maɓalli, kuma ta iya ɗaukar hotuna da yawa a jere. Canon 7D Mark II ta 2014 da Nikon D500 ta 2016 kowacce tana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa ɗaya. A cikin goman nan ne za ka tsinci guda ɗaya da fiffike ya buɗe sosai, ido ya fito tar.

Mun san masu ja da mu, kuma rukuni uku ne.

Akwai masu cewa waya ta wadatar. Wayar zamani tana da kirki a hoton mutum da na abinci, amma babban idonta an yi shi ne don ya kwashe faɗi, bai kai ko milimita 30 ba a ma'aunin masu hoto. In ka ja hoto da yatsu biyu don ka jawo nesa, a yawancin wayoyi yanka hoton kawai kake yi kana buɗa shi, kamar mai ƙara ruwa a kunu. Ɗauki gidan marai a jikin bishiya da waya, babu laifi. Shirwa a sama kuwa ta fi ƙarfinta.

Akwai masu cewa a sayi irin Nikon P900, wadda ta fito a 2015, mai jawo nesa har ninki 83. Ga tsuntsun da ya zauna a reshe, ko zalɓe da ya ƙame a bakin ruwa, tana da amfani ƙwarai, kuma ga mai son tantance wane tsuntsu ne ya gani, ba za mu hana shi ba. Sai dai farantinta ƙarami ne, kama saitinta da nawa, kuma in ka jawo nesa har ƙarshe, neman tsuntsu a sararin sama ya zama kamar leƙe ta cikin kara. Kafin ka gano shi ya ba ka baya.

Rukuni na uku su suka fi ba mu haushi: masu cewa in ba ka da kuɗin sababbin kyamarori marasa madubi, irin Canon R5 ta 2020 da ke gane idon tsuntsu da kanta, to ka haƙura. Gaskiya ne suna da daɗin aiki. Amma kuɗin guda ɗaya da idonta ya fi na sabon babur nesa ba kusa ba, kuma an shekara da shekaru ana ɗaukar tsuntsu a sama kafin a ƙera su. Wannan magana ba ta haifar da komai sai matasa masu jira, suna kallon kyamarar miliyoyi a Facebook damina tana wucewa.

Shawararmu ita ce ta hannu. Nemi tsohuwar Canon ko Nikon mai ƙaramin faranti, domin ƙanƙantar farantin tana sa tsuntsu ya ƙara cika hoto da ninki 1.5 a Nikon, 1.6 a Canon. Haɗa ta da ido mai 70 zuwa 300 in aljihu ya yi sanyi, ko 400 na Canon, ko 150 zuwa 600 na Sigma ko Tamron in da hali. Kafin ka biya, sa a nuna maka adadin ƙiftawar da ta taɓa yi, kamar yadda ake duba tafiyar mota. Haska tocila cikin gilashin ka ga ko akwai fumfuna. Fita waje ka bi ɗan acaɓa mai wucewa da ita; in ta kasa riƙe shi, ba za ta riƙe hasbiya ba. Mai shagon da ya hana ka gwaji, bar masa kayansa. Sayi batir na biyu, ka san halin wutarmu. Kada kuma ka kwance ido a fili lokacin hunturu, ƙura za ta shige ta zauna a kan faranti.

Bayan duk wannan, akwai abin da ba a sayarwa a shago. Tsuntsu yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, kai kuma kana son rana a bayanka. A hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take busowa, don haka da hantsi rana da iska duk suna bayanka in ka juya yamma, tsuntsu zai zo maka da fuska. Da damina iska ta juya daga kudu maso yamma, sai ka nemi shamuwa da la'asar. Belbela ci da motsin wani ce, bi garken shanu za ka same ta. Mahauci ya san lokacin da shirwa ke sauka, masunci a madatsar Pada ya san inda kirinjijiya ke kwana. Gaishe su ka tambaya. Sanar da mai unguwa kafin ka fara yawo da dogon ido a kafaɗa, domin a yanayin tsaron da ake ciki, daga nesa kama yake da wani abu daban. Kada ka jefi tsuntsu don ya tashi, kada ka hau bishiyar da ya yi sheƙa. Hoton da aka samu ta haka ba abin alfahari ba ne.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan tsuntsu? Tambayi iyayenmu yadda ungulu take cika mahauta da kasuwa a da, sannan ka gaya mana yaushe rabonka da ganin ko guda. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin masu dab da ƙarewa, saboda guba da farautarta don haɗa magani. Gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa, ya zama sai a labari a yawancin Arewa. Sun tafi a gaban idonmu, kuma da wuya ka sami gidan da ke da hotonsu a sararin Getso ko Garo. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Najeriya yanki-yanki tun 2015, da taimakon 'yan sa-kai. Hoto mai kyau, da kwanan wata da sunan wuri, hujja ce da za ta yi musu amfani. In ka ƙara da sunan tsuntsun na Hausa daga bakin dattijo, ka adana abin da jikokinmu za su nema.

Tamu kyamarar ba mu sayar ba. Mun sake haɗa kuɗi mun saya mata ido na hannu mai milimita 300, kuma da shi muka sami shamuwarmu ta farko da kara a baki, za ta gyaran sheƙa. Shamuwa za ta dawo da ruwan farko. Wanda yake da niyya, ya fara tara kuɗin ido tun yanzu, ya kuma fara koyon bin hankaka da tattabarun unguwarsu kafin lokacin.

Mu haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.